Teburin Harsashi a Ɗakin Goron Kawu

Shekarar da muka baro Bawku ban fito da komai ba sai matata, da 'ya'yanmu mata biyu, da bindigar farautar mahaifina mai baki ɗaya, da takardarta a cikin leda. Rumfata ta hatsi ta ƙone a rikicin da aka yi a garin. Ƙanin matata kuwa harbe shi aka yi a kan babur yana dawowa daga Tempane, har yau ba mu san wanda ya yi ba.

Kawuna na Salaga ne ya karɓe mu. Ya ba mu ɗaki biyu a gidansa da wata gona can bakin rafi, ya ce in gwada doya. Ban taɓa noma ba, amma na yi. Da hannuna na tada kunya har tafina ya tsage. Doyar ta yi kyau. Sai aladun daji suka gano ta. Kowace safiya in na je sai in tarar sun tone wani gefe, sun ci rabi sun watsar da rabi. Na kewaye da ƙaya, na rataye gwangwanaye, na ƙona tsumma. Duk a banza.

Harsashi biyar nake da su, na ƙarar da su cikin sati guda ban sami alade ko ɗaya ba. Na nemi sabo na rasa. Duk shagon da na shiga, da zarar na buɗe baki aka ji harshen Bawku sai a ce ya ƙare.

Wani maƙwabcin gonata ne ya ce in je Yendi, akwai wani tsohon maharbi da ke sake cika kwanson da aka riga aka harba. Na je na same shi a ƙarƙashin mangwaro yana gyaran tarko. Ya daɗe yana juya takardar bindigar, ko da yake ban tabbata yana karatu ba.

"Alade za ka harba ko mutum?" in ji shi.

"Baba, doyata kawai nake so ta kai kaka."

Kwana uku na yi wurinsa. Aikin kansa bai ɗauki lokaci ba. Abin da ya fi nanatawa shi ne wurin aikin: ɗaki busasshe, mai ƙofa da kwaɗo, nesa da murhu, kuma kada in zauna a teburin aikin ina cikin fushi.

A gidan Kawu akwai tsohon ɗakin goro na kakanninmu, ba a ajiye komai a ciki sai ruɓaɓɓun kwanduna. Na share shi, na toshe ramukan ɓera, na liƙe inda kwano ke yoyo. Na samo tsohuwar ƙofa na ɗora a kan bulo ta zama tebur. Na jera kwansunan da na tsinto a faranti, na sa albarushi a gwangwani mai murfi can saman katanga. Ranar da na gama na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Tun da muka baro gida ban ga wani wuri da zan ce nawa ne ba sai wannan.

Matata ba ta taɓa leƙawa ba. Da na fito na zauna cin tuwo, sai ta janye kwanon miya.

"Maigida, je ka wanke hannu."

"Na wanke."

"Sake wankewa. Warin nan na ji a rigar ƙanina ranar da aka kawo shi."

Na tashi na sake. Tun daga ranar a bakin rijiya nake cin abinci in na yi aiki a ɗakin.

Harsashin farko da na cika ya ƙi tashi, alade yana tsaye yana kallona. Na biyu ya yi wata ƙara mara ƙarfi, hayaƙi ya cika mini ido. Na zauna a kan kunyar da aka tone na yi kuka kamar yadda ban yi ba ranar da rumfata ta ƙone. A sati na uku ne na kayar da wani babba da sassafe. Na kira maƙwabcin nan nawa, wanda ba Musulmi ba ne, ya zo da 'yan'uwansa suka ɗauke. Garken ya yi kwana goma bai dawo ba. Na fara tunanin za mu tsira.

Amma magana ta riga ta zaga unguwarmu ta zango, wai mutumin Bawku yana haɗa harsashi a gidan Alhaji, wato Kawu. A masallaci sai na ga ana barin rata tsakanina da na kusa da ni. Ban san maganar ta kai har gida ba sai ranar da yayana ya sauka daga mota bayan la'asar. Shi bai bar Bawku ba. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Ko ruwa bai sha ba ya ce in nuna masa ɗakin.

Ya ɗauki harsashi ɗaya ya auna a tafinsa.

"Nawa kake iya yi a rana?"

"Yaya, na alade ne."

"Mu ma kare kanmu za mu yi. Kai ka gudu, mu muna can. Yara ba sa zuwa makaranta. Shekaranjiya an ƙone gidan da ke bayanmu."

Na san ba ƙarya yake yi ba, na kuma san in harsashin ya bar hannuna ba ni zan zaɓi inda zai faɗa ba. Na ce masa ya kwaso iyalinsa su zo, mu raba ɗakuna biyun. Ya yi dariya, ya ce in ci doyata lafiya. A tasha ya kwana, bai yi mini sallama ba.

Da safe Kawu ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, jiya ɗan'uwanka ne ya zo. Gobe wanda zai zo ba zai tambaye ka ba, ɗauka zai yi. Jibi kuma 'yan sanda ne. Gidan nan akwai jikoki."

"Kawu, saura wata biyu a haƙa doya."

"Na sani."

Ranar na kwashe komai a buhu na mayar wa tsohon nan na Yendi. Bai tambaye ni dalili ba. Na bar wa kaina harsashi huɗu, na kafa bukka a gona na koma can da zama, ina buga garwa ina ihu har muryata ta dushe. Aladun suka saba da ni, sai su jira in bi wannan gefe su shiga ta wancan.

Da aka haƙa, abin da ya rage bai cika bayan a-kori-kura ɗaya ba. Na ware iri, muka ci sauran har zuwa azumi. Bayan sallah matata ta fara soya ƙosai a bakin tasha, ni kuma na shiga lodin doyar wasu a motocin Kumasi. Yayana yana raye. Matarsa ce ke kiran matata, ta nan nake jin labarinsa.