Kwandon da Yaya Sale ya auna da kamu

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Sale, mai sayar da atamfa a kasuwar Jibiya, wanda ya kafa mana kulob ɗin ƙwallon kwando lokacin da kuɗin man fetur suka fara malala a ƙasar nan. Duk sa'ad da na ji jikokina suna gardama a kan wani kulob na ƙasar waje, wai ya sallami tsofaffin 'yan wasansa ya soma daga tushe ko ya ci gaba da lallaɓawa, sai Yaya ya faɗo mini a rai.

Kulob ɗinmu bai taɓa ɗaukar kofi ba, bai kuma taɓa zama na ƙarshe ba. A gida ba mai iya mana, amma da mun je Katsina sai ƙwallo ta riƙa dukan ƙasan ƙarfen kwando. Mun zargi gajiyar hanya, mun zargi abinci, har sammu sai da muka zarga. Ashe ranar da aka kafa kwandon a bangon wani sito kusa da shingen kwastan, Yaya ne ya auna tsayinsa da kamu, yadda yake auna atamfa. Shi kuwa, Allah ya jiƙansa, gajere ne. Kwandonmu ya gaza na ƙa'ida da taƙi guda.

Wani Alhaji ɗan kwangila ne ya gano haka, ranar da ya zo da tef ɗin awo da niyyar sa mana albashi. Sharaɗinsa shi ne a ɗaga kwando, a sallami waɗanda hannunsu ya saba da gajeren, a kawo dogayen samari daga Kano, a haƙura da shan kashi na shekara biyu. Ya rubuta sunayen waɗanda za a sallama ya ba Yaya. Ni na fi kowa zaƙewa wajen goyon bayan Alhaji. Na tabbata Isa ne a saman takardar, wani ɗan dako mutumin Maraɗi da gwiwarsa ta fara ciwo, kuma a gabansa na faɗa, ba kunya.

Yaya ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Alhaji, kwando gobe za mu ɗaga shi," in ji shi. "Amma mutanen ga, da su muka share filin ga. Ban iya ce masu su tai gida."

Alhaji ya kai kuɗinsa wurin 'yan ƙwallon ƙafa. Mu kuma muka ci gaba da zama a tsakiya har kulob ya watse. Na daɗe ina riƙe da Yaya a zuciya, kuma har yau ina ganin lissafin Alhaji ba laifi. Da Yaya zai ji gardamar jikokina, na san ba zai tambayi kofi nawa za a ci ba. Zai tambaya ne, wa za a tura ya gaya wa mutum an gama da shi?

Ranar sadakar ukun Yaya, Isa ya tsallako daga Maraɗi yana dogara sanda. Bayan addu'a ya matso kusa da ni. "Takardar nan ta Alhaji, Sale ya karanta man ita," ya ce. "Sunana ba shi ciki. Naka ne na farko."

An rushe siton, kwandon ma ban san inda ya shiga ba. Abin da ya rage mini shi ne shekara shida da na ƙara a filin nan, ina yi wa Yaya gunaguni, shi kuma yana miƙo mini ƙwallo.