Injin Niƙa da Gwiwoyin Innata

Kafin in lalace, ni manomin gyaɗa ne a Bebeji, ba ni da komai sai baki. Bakin kuwa Allah ya ba ni. In na fara zance a dandali, har mai jin yunwa sai ya manta da tuwo.

Wata shekara bayan girbi motar majigi ta zo garinmu. Aka kafa farin ƙyalle, aka nuno wata mata tana juya ɗan injin niƙa da hannu ɗaya, gari na zuba, ita kuwa sai murmushi. Matanmu da suka tsufa a kan dutsen niƙa suka saki baki. Kamfanin injin na neman masu talla, na bi su Kano suka ɗauke ni.

Wallahi har yau ina kewar kwanakin nan. Sabon keke, farar riga, yaran Kiru na bina a guje, a Tudun Wada kuwa ana shimfiɗa mini tabarma a inuwa.

Amma akwai abin da na sani na yi shiru. Ba don busasshiyar dawarmu aka ƙera injin ba. Hatsin da nake gwadawa a kasuwa sai na jiƙa shi ya sha iska tukuna. A gida kuwa, kafin damina haƙoran injin sun cinye.

Matan Bebeji da fari ɗari-ɗari suka yi. Innata ce ta tsaya mini, ta ce, "Ni na haife shi, ba ya ƙarya. Ku saya, ni ce a tsaye." Wata ta sayar da akuyarta, wata da tasoshin aurenta.

Labari ya bazu, ciniki ya mutu, majigi ya daina nuna tallar. Na je Kano neman sababbin haƙora na tarar da kantin kamfanin a kulle. Da gona na koma da shi ke nan, amma na riga na saba da inuwa. Na shiga bin gidajen garinmu ina karɓar matattun injuna da sunan gyara, in shafa musu fenti, in kai Doguwa da Tudun Wada a matsayin sababbi.

Ranar kasuwar Tudun Wada wata 'yar garinmu da ta zo biki ta ɗaga wani inji cikin kayana, ta juya mariƙin katakon. Ta ce, "Malam, wannan zanen wutar fa? Ni na yi shi, irin na jikin ƙwaryata ne." Ƙarfen kawai na fente. Wane namiji ne ke lura da shaidar da mata ke yi wa kayansu? 'Yan doka suka kai ni gaban alƙali, aka ɗaure ni.

Da aka sake ni ban sami Inna a gida ba. Maƙwabciyarmu ta ce tun da aka kama ni take bin gidajen matan da na cuta, tana yi musu niƙa a dutse, yau nan gobe can. Na same ta durƙushe, ta yi fari fat da gari. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Ka dawo? Bari in ƙarasa, tuwo suke jira." Da ta gama, sai da na ɗaga ta.

Na tuba, na karɓi niƙan nan da hannuna, maza na yi mini dariya ban damu ba. Ku samari, kafin ku yi ƙarya ku dubi wanda ya tsaya muku, don shi zai biya. Ni an sake ni, Inna kuwa har ta rasu ba ta ƙara yin sallah a tsaye ba.