Abin da Aka Yanke wa Yaya a Masar

Yayana mai jiki ne tun muna yara, kuma a gidanmu ba wanda ya taɓa ɗaukar hakan a kan ciwo. Inna, mahaifiyarmu, takan dube shi ta dube ni, ta ce shi ya zauna ya sha nono ya ƙoshi, ni kuwa na sha kamar ana korata. Da ya girma ya kama fataucin hatsi, yana saye a kasuwannin Kunci da Shanono yana kaiwa birni, sai jikin ya ƙara buɗewa. Mutanen ƙauyenmu suka ce hutu ne da kwanciyar hankali. In ya fito da babbar riga ranar Juma'a, ni kaina nakan so a san ƙaninsa ne ni.

Mu da muke gida ɗaya mu muka san abin da rigar ta rufe. Ga ciwon suga, ga hawan jini, gwiwoyi kuma sun ƙi ɗaukarsa. Gonarmu ta gado daga bayan gida ana hango kukar da ke kan iyakarta, amma sai a babur yake zuwa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne salla a kan farar kujerar roba a ƙarshen sahu, tare da tsofaffin da suka haife shi. Ya taɓa ce mini ya manta rabon da goshinsa ya taɓa ƙasa.

Wani abokin cinikinsa ne ya ba shi labarin aikin da ake yi a Masar. A yanke yawancin tumbin mutum, wato jakar da abinci ke sauka a ciki, a ɗinke ɗan abin da ya rage, sai ya riƙa ƙoshi da kaɗan. Likitansa na Kano bai hana shi ba. Ya ce aikin yana taimakon masu irin lalurarsa, amma yana da dokoki, kuma dokokin na har abada ne. Na tsokane shi a lokacin, na ce mutane garin neman ƙiba suke samo rama, shi kuwa ramar zai hau jirgi ya nemo. Ya yi dariya har yana tari. Yanzu in na tuna wannan wasan sai in ji haushin bakina.

Inna kuwa ce mata ya yi gwiwa za a duba masa. Ya sa ni da matarsa muka yi alkawarin ba za mu faɗa ba, don ya san in ta ji cewa ɗanta zai ba da cikinsa lafiyayye a yanka, ko zaure ba zai wuce ba.

Ya tafi aka yi aikin, ya dawo gida lokacin kaka, ana tsakar yankan dawa. An ce masa makonni zai yi a kan abu mai ruwa-ruwa, sannan mai laushi, cokali kaɗan-kaɗan. Matarsa ta riƙe wannan da gaske, tana tace masa kunu da romo tana kai masa ɗaki. A cikin gida ba a samu matsala ba. A zaure aka same ta.

Tun rasuwar mahaifinmu Yaya ne maigida, kuma zaurenmu bai taɓa rasa masu cin tuwo ba. Ana idar da magariba za a shimfiɗa tabarma, a fito da akushi. Akwai Baffa, ƙanin mahaifinmu, akwai wani dattijo maƙwabcinmu da 'ya'yansa suka tafi ci-rani suka manta hanya, sai kuma duk wanda ya kawo hatsi yamma ta yi masa. A wurinmu maigida ba ya tsame hannu baƙi suna ci. In ya tsame, kowa zai suɗe yatsunsa ya yi hamdala, ko da yunwa na nuƙurƙusarsa. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana wannan, amma ko yaron goye ya sani.

Da farko Yaya yakan zauna gefe da ɗan kofinsa, ya ce likita ya hana shi tuwo na ɗan lokaci, ni in zauna a madadinsa. To amma ni ba maigida ba ne. Dattijan nan sai su yi loma biyu suna satar kallonsa, su janye. Akushi ya fara komawa cikin gida da tuwo a ciki, har Inna ta tambayi abin da aka yi wa mutane. Ranar da maƙwabcin nan namu ya aiko cewa yau a ƙoshe yake, alhali mun san ko hayaƙi bai tashi a gidansa ba, washegari Yaya ya tura a kira shi, ya jawo buta ya wanke hannu.

Na matsa kusa da shi na ce, "Yaya, ba fa a ce ka fara ba."

Ya ce, "Ɗan taɓawa zan yi. In ban sa hannu ba ba za su ci ba, kai ma ka gani."

Tuwon sabuwar dawa ne da miyar kuka. Yana gutsurar ɗan kaɗan yana juyawa a miya, yana jan lokaci, amma Baffa ba shi da haƙora, cin abincinsa kamar tafiyar hawainiya. Kafin ya ƙoshi, ɗan taɓawar nan ta zama cin abinci. Ina kallon gumi yana tsattsafo wa Yaya a goshi, yana murmushi yana ba su labarin mutanen Masar da shan shayi. Da aka watse ya zagaya bayan rumbu ya amayar. Haka aka yi ta yi kullum. Na yi faɗa, matarsa ta yi kuka, ya ce mu ƙyale shi, shi ya san jikinsa. Ƙani ba ya ɗauke akushi daga gaban wansa a idon dattijai. In akwai wanda ya san yadda ake yin haka ba tare da gida ya tashi ba, ni dai ban sani ba.

Zazzaɓi ne ya fara kama shi, da ciwon kafaɗa, zuciya tana bugawa da sauri. Mai kemis ɗin garinmu ya ce maleriya ce, ya yi masa allurai. Sai da ya kasa miƙewa muka ɗauke shi zuwa Kano. Aka yi hoto, likitan tiyata ya kira ni gefe ya ce ɗinkin tumbin ne ya buɗe, abin da yake ci yana yoyo cikin cikinsa. Na tambaye shi ko tuwon ne. Ya ce yana iya yiwuwa, amma wani lokaci yakan faru ko mutum ya kiyaye. Da ya ce mini tuwon ne kawai, da na samu wanda zan yi fushi da shi. Har yau ina nan tsakanin biyu.

Wanda ya yi aikin yana can ƙasarsu. Wani mai yi mana tafinta da shi ya amsa waya sau ɗaya, ya ce mu kawo Yaya Masar, mutumin da ko zama ba ya iya yi. Daga nan wayar ta daina shiga. Likitocin Kano suka buɗe cikin suka wanke, suka sa masa roba a gefe tana fitar da ƙazanta, wata kuma ta hanci ana ɗura masa abinci. Na bar gona da makarantar da nake koyarwa, na tare a gidan wani ɗan'uwanmu a Rijiyar Zaki, kullum ina hanyar asibiti. Aikina shi ne in zauna in kalli ruwa yana ɗiga a leda. Inna muna ce mata gwiwar ce ta yi ruwa.

Yoyon ya toshe daga baya, muka yi murna, ashe da sauran rina a kaba. Tabon da wurin ya yi ya tsuke hanyar abinci, har ruwa in ya sha sai ya dawo. Aka yi ta zura masa wata na'ura ta baki ana buɗa wurin, ya ɗan samu sauƙi, ya sake tsukewa. Daga ƙarshe suka ce sai an yi gyara, za a kauce wa wurin da ya tsuke, a haɗa ɗan guntun tumbin da hanji kai tsaye. Na tsani kalmar nan gyara. Da ita ake kiran abin da ake yi wa babur. Amma ni na sa hannu aka shiga da shi, don ba mu da wata ƙofa.

Sai da damina ta sauka muka dawo gida. Yanzu abinci yana wucewa, sai dai ba ya kama jiki. In ya kurɓi fura mai sukari, nan take gumi zai karyo masa, jiki ya ɗauki rawa, jiri ya kwashe shi, sai banɗaki. Jininsa ya yi ƙasa, ƙafafunsa kuma ya ce kamar kiyashi na yawo a ciki. Ga ƙwayoyi a leda kamar mai shago. Fata ta saki a damtsensa, an kai rigunansa wurin tela an rage, an sake ragewa. Sugan ya sauka, wannan gaskiya ne. Yana iya kai goshi ƙasa, amma tasowa sai na kama shi. Ranar farko da muka je masallaci wasu ba su gane shi ba, har wani ya tambaye ni ya jikin Alhaji, shi kuwa yana tsaye a gefena.

Ƙauye kuwa ba ya rasa fassara. Wasu suka ce sammu ne na 'yan kasuwa, wasu suka ce ciwon nan ne da ba a son kiran sunansa. Zauren ya yi shiru. Dattijan sukan zo dubiya su yi addu'a su tashi tun kafin a fito da abinci, don kunyar ci a gabansa suke yi.

Inna ce ta fi ba ni tausayi. Ta karɓo rubutu, ta sa an yi sauka, sannan ta koma madafa da kanta duk da tsufanta. Duk abin da ta san yana so tun yana yaro sai da ta girka, dambun zogale, fate, ɗanwake da man gyaɗa. Takan ajiye ta zauna ta zuba masa ido. Ya yi cokali biyu ya ture, in ya daure ya ƙara don ranta sai ya wuni a kwance. Ta fara tambayar matarsa ko ita Inna ta ɓata masa rai ne, ko wani ne ya shiga tsakaninsu da har ya daina cin abincin hannunta. Ita ma ta fara ramewa.

A wani zuwa asibiti likita ya ce mai yiwuwa sai an sake aiki na huɗu, a gyara yadda aka haɗa hanjin don abinci ya riƙa tsayawa. Amma ba za a taɓa shi ba sai ya yi ƙarfi. Wato sai ya ci za a yi aiki, kuma sai an yi aiki zai ci. A mota na ce wa Yaya ni dai na gaji da yi wa Inna ƙarya. Ya juya yana kallon gero a gonakin bakin titi.

Na sami Inna da la'asar a tsakar gida tana tsince wake, na zauna na faɗa mata komai tun daga farko. Na yi zaton za ta yi faɗa ko ta yi kuka. Ta dai ajiye faifan.

Sannan ta ce, "To wanda suka yanke ɗin, yana ina?"

Na ce ban sani ba.

"An binne shi dai ko?"

Wannan ma ban sani ba, kuma tsawon watannin nan ko sau ɗaya bai taɓa zuwa mini a rai ba. Ta yi salati a hankali. Can ta ce ta ji a rediyo wata mata ta ba ɗanta ƙoda, an sa masa ya warke.

"Ni na gama cin rabona a duniya. Nawa lafiyarsa ƙalau, ko tsakuwa na ci narkewa take. Ka ce musu su ciri nawa su sa masa."

Na ce, "Inna, ba a yin haka."

"Ka tambaya?"

Ban tambaya ba. Ta ce to in tambaya, ni ba likita ba ne. Kullum sai ta tuna mini, har ranar komawa asibiti ta zo. Na bar Yaya a gida don ba shi da ƙarfin shiga mota, na tafi ni kaɗai da sakamakon gwajin jininsa. Bayan likita ya gama dubawa, na daure na yi masa tambayar, ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage in shiga. Bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya tambaye ni shekarunta, sannan ya ce ba a yi, in gaishe ta, in ce mata addu'arta suke bukata.

Ana gab da magariba na iso gida. Matar Yaya ta tare ni a zaure, ta ce Inna tun safe ko ruwa ba ta sha ba, wai ta ji an ce ba a cin komai kafin a shiga aiki. Na same ta a bakin ɗakinta, ta yi wanka ta sa atamfarta ta zuwa unguwa, ga ɗan ƙunshin kaya a gefe, da butarta da carbi a kai. Ta tambaye ni yaushe suka ce mu je.

Na durƙusa na gaishe ta, na ja gaisuwar iya yadda zan iya. Da ta ƙare na ce ta fara cin abinci tukuna, sai mu yi magana.

Ta ce, "A'a. In na ci, ɗaga ranar za su yi, shi kuma yaron nan ba zai iya jira ba."