Ranar da Wiebe ya taka ƙanƙara

A ƙauyenmu na Friesland, in sanyi ya daskarar da tafki, ba mai hawa kansa da takalmin zamiya, mai ƙarfe a ƙasa, sai Wiebe ya fara takawa. Shi ne mai duba ƙanƙara, kamar ubansa. Yakan huda ta da sanda, ya zura hannu, in kaurin ya kai sai ya yi gaba, mu bi shi. Ni kuwa tun ina budurwa nake sayar da miyar wake a bakin ruwan.

Sai sanyi ya daina zuwa. Hunturu bayan hunturu, ruwan sama kawai da laka. Baƙin da suke cika mana gidaje suka ɗauke ƙafa. Wiebe dai kullum yana wasa ƙarafan takalman mutane, takalman da ba inda za su.

Bara tafkin ya daskare. Kafin hantsi motocin birni sun cika hanya, ni ma na ɗora babbar tukunya. Wiebe ya huda ƙanƙarar, ya zura hannu, ya girgiza kai.

“Ba ta nuna ba.”

Douwe mai masaukin baƙi ya ce, “Haba dattijo, sai ta narke za ta nuna?”

Aka kwashe da dariya. Ni da bakin nan nawa na ƙara: “Ku ƙyale shi, ya manta yadda ƙanƙara take. Wiebe, in tsoro kake ji, zo ka riƙe min ludayi!”

Samarin birni har sun fara ɗaura takalma. Ya dube su, ya san maganarsa ba za ta tsayar da kowa ba. Sai ya miƙa min hularsa.

“Riƙe, Jeltsje, kada ta jiƙe.”

Ya taka, kamar yadda al'ada ta ce. Bai yi nisa ba ƙanƙarar ta fashe, ya nitse har wuya. Da tsani aka jawo shi. Ranar ba wanda ya ƙara sa ƙafa a tafkin.

Tun daga nan ƙirjinsa bai koma daidai ba, ko ƙofar gida ba ya iya kaiwa. Douwe ne yake faskara masa itace, ba wanda ya sa shi. Ni nake kai wa Wiebe miya. Ya sha cokali biyu, ya yi tari, ya ce gishiri ya yi yawa. Da can da na wanke shi tas. Yanzu sai in ce, “To.”

Hular tana wurina. Bai tambaya ba, ni kuma na kasa mayarwa.