Kwalbar Wuski a Akwatin Kawu Isuhu

Bana shekara tara ke nan da muka binne Kawu Isuhu a Tasawa, amma har yau in an ambace shi sai wani ya tayar da zancen kwalbar nan. Ni a hannunsa na tashi, don haka bari in faɗi yadda aka yi.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Da ƙuruciya ya tuƙa kamyo, babbar motar kaya, ga wani Bature mutumin Sikotlan, mai haƙa rijiyoyi a ƙauyukan Isawan da Korgom. Matar Baturen ta kwanta ciwo, aka kira shi gida da gaggawa, sai ya bar wa Kawu ajiyar kwalbar giya guda, irin wadda ake kira wuski. Ya ce mahaifinsa ya yi aiki a gidan da ake dafa ta, gidan kuwa an rufe shi, ba za a sake yin irinta ba. Ya ce zai dawo ya karɓa. Bai dawo ba.

Kawu bai taɓa kai giya bakinsa ba. Ya naɗe ta cikin tsohon rawani, ya tura ƙasan akwati. Duk da haka magana ta fita. A lokacin shi ke kiran salla a masallacin unguwarmu, dattawa suka ce ko ya fasa ta, ko ya bar ladanci. Ya bar ladancin, ya koma sahu na biyu, bai taɓa rasa jam'i ba.

Shekarar da gero ya ƙi, wani mai otal ya zo takanas daga Maradi. Ya ce tsufan giyar ya sa ta yi tsada, ya taya ta da abin da zai cika mana rumbu biyu. Ina wurin.

"Ba tawa ba ce, Alhaji," in ji Kawu. "Ko tawa ce ma, ba ni sayar da giya."

Da tafasa da garin rogo muka kai kaka. Na yi fushi da shi, ban kuwa ɓoye ba.

Sai da ya tsufa tukuf 'yar Baturen ta zo, bayan rasuwar mahaifinta, tana bin rijiyoyin da ya haƙa. Kawu ya miƙa mata kwalbar, murfinta a liƙe yadda aka ba shi. Ta zauna bisa tabarma tana kuka. Shi kuwa ya wanke hannu ya tafi azahar.

Yau inji mai aiki da hasken rana ke jawo ruwan rijiyoyin nan. Na san da Kawu zai ga wayar da ke aljihuna, dariya zai yi, ya ce da ita da tuni ya nemo masu kaya ya huta.

Ko dattawan suna da gaskiya, Allah ya sani. Abin da na sani, 'ya'yansu da kansu suka riƙa kawo wa Kawu ajiya har ya bar duniya. Bai bar mana gona mai faɗi ba. Amma ranar kasuwar da ta wuce, wani makiyayi daga Isawan ya ɗaure tumakinsa shida a gidana zai yi tafiya. Na ce mu kira shaida. Ya dube ni ya ce, "Ba kai ne na Isuhu ba?" Ya ɗauki sandarsa ya kama hanya.