Wutsiyar Kaset

Shekara talatin da huɗu Baba Gogau ya yi a gidan talabijin, amma ko ƙeyarsa ba a taɓa nunawa ba. Da farko 'yan unguwa kan tare shi da yamma su ce, "Yau ma mun duba ba mu gan ka ba." Shi kuma ya ce, "Ai ina daga ciki, wajen wayoyin nan. Ku dinga leƙawa ta baya." An ce akwai wanda ya leƙa har lantarki ya gaishe shi.

Ofishinsa yana ƙarshen baranda, in ka wuce banɗakin ma'aikata, ka wuce inda ake jibge karyayyun kujeru. Ɗaki ne marar taga. Kanta huɗu ne a ciki maƙil da kaset na bidiyo, kowanne kaurinsa kamar bulo, sai wata na'ura mai nishi kamar tsohuwar da ta hau bene, da 'yar talabijin wadda tafin hannu biyu za su rufe. Aikin ba shi da wuyar faɗa. Sha biyun rana in an fara shirin A Sha Inuwa, ya danna jan maɓalli. Ƙarfe ɗaya daidai, ya danna baƙi. Ya manna takardar kwanan wata, ya jera a kanta. Bayan kwana bakwai ya ɓare takardar, ya goge abin da ke ciki, kaset ɗin ya koma cikin 'yan uwansa, kowane shiri ya ga dama ya hau. Kaset tsada gare shi, kuma manya sun ce nan ba gidan tarihi ba ne. Daga nan ya samo sunansa.

Shi kuwa A Sha Inuwa, duk wanda ya taɓa yin zazzaɓin ƙarya don kada ya je makaranta ya san shi. An fara shi da kujera biyu, labule ruwan ƙasa, da wani furen roba da ya fi rabin ma'aikatan daɗewa a bakin aiki. Anti Babba ce ta fara gabatarwa, mace mai ɗaurin kai kamar jirgi zai tashi. Likita ya zo ya tsorata jama'a da hawan jini, a karanta wasiƙu, a kawo mai gyaran famfo ya jiƙa wurin, a rufe da minti biyar na Dabarar Gida. Anti Babba ta tsufa ta tafi. Aka kawo wasu 'yan gayu biyu da suka shekara biyu ba sa gaisawa sai an kunna kyamara. Aka sake labule sau shida. An taɓa dakatar da shirin wata uku, matan gari suka cika ƙofa har manaja ya fita ta baya a motar mai kawo ruwa. Duk wannan Gogau ya gani a 'yar talabijin ɗinsa, kuma duk da hannunsa ya kawar da shi. A shekara ta shida ma na'urar gogewar ta mutu, ba a sayo wata ba, aka koma ɗora sabon shiri a kan tsoho kawai. Sunan dai bai sake shi ba.

Matarsa tela ce, a falon gida take ɗinki, unguwa na kiran ta Mai Keke. Ba ta ɗaukar hoto. Takan ce hoto na waɗanda ba su da kayan mutane a hannu ne. Wata Laraba a shekara ta tara ya manta kwanon abincinsa, ta biyo shi da shi, tef ɗin awo na rataye a wuyanta. A ranar baƙuwar Dabarar Gida ba ta zo ba. Darakta na safa da marwa a baranda yana zufa, sai ya yi kiciɓis da ita.

"Baiwar Allah, me kika iya?"

"Me ka ɓata?" in ji ta.

Aka zaunar da ita ta nuna yadda ake gyara zif ɗin da ya cije da guntun kyandir. Minti biyar aka ba ta. Mai Keke kuwa gaisuwa kaɗai ba ta gama ta a minti biyar. Ƙarfe ɗaya ta buga tana magana, darakta na ɗaga hannu kamar mai tsayar da tasi, mai karanta labarai na zaune da takardunsa yana hararar bango. Can a ɗakinsa, yatsan Gogau na kan baƙin maɓalli. Ranar ce kaɗai ya bar ƙarfe ɗaya ta wuce shi, amma bai bar ta ta yi nisa ba.

Da yamma ta ce, "Malam, wannan dai a ajiye min shi."

"Doka ce, kwana bakwai."

"Dokar ta san sabon mayafi na saka? Kaset ɗaya tal, wa zai ƙirga?"

"Ni zan ƙirga."

Laraba ta zagayo, ya ɗora wani shiri a kai. Ta yi kwana biyu tana cika masa gishiri a abinci, sannan ta huce. Bayan shekara uku ta yi ciwon kwana huɗu ta rasu. Ta bar rigar wata a kan keke ba a sa hannu ɗaya ba, da 'yarsu mai shekara huɗu wadda ta laƙaba wa Allura saboda siranta da tsinin baki. Hoton da ya rage shi ne na katin shaida, shi ma hatimi ya cinye rabin fuskar.

Allura ta girma da labarin, don 'yan uwa ba sa barin abin tsokana ya kwana. In an taru sai wata gwaggo ta ce, "Ai babanki ne ya goge mamanki." A yi dariya, shi ma ya yi. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne muryar ta tafi. Kalmominta suna nan a kansa, har da na faɗa, amma in ya maimaita su a ransa da muryarsa suke fitowa. Bai san ranar da hakan ta faru ba. Ya dai nema wata rana ya rasa.

Da kwamfuta ta zo aka daina kaset, aka manta da Gogau a ɗakin tare da su. Yana zuwa kullum, ya share ƙura, sha biyu ya kunna 'yar talabijin ya kalli shirin hannu a cinya. A haka wata safiya sabuwar furodusa ta leƙo, yarinya sa'ar Allura, waya biyu a hannu.

"Baba, shirin zai cika talatin da biyar. Muna son tsofaffin hotuna na tarihi."

"Tarihi? 'Yata, kin zo wajen mahauci neman rayayyar akuya."

"Ko kaɗan babu? To, ƙarshen wata za a kwashe ɗakin nan, ɗakin kwalliya za a mayar da shi."

Don ya nuna mata babu, sai ya zaro kaset ɗaya ya tura shi ƙarshe. Mai gabatarwa ya yi sallama, allo ya yi yayyafi. Gogau ya miƙa hannu zai kashe, sai ga ɗaurin kan Anti Babba ya cika allon, tana cewa, "...mu haɗu gobe in da rai." Daƙiƙa uku, ta ɓace.

Furodusa ta yi tsalle. Shi kuwa zama ya yi a kan kwali. Ashe tun da aka daina gogewa, duk sanda sabon shiri ya fi tsoho gajarta, wutsiyar tsohon tana nan a ƙarshe. Shekarunsa nawa yana kwana yana tashi da su bai sani ba, don bai taɓa barin kaset ya wuce sallama ba. A tarihin shirin kuwa ya san rana ɗaya da aka zarce ƙarfe ɗaya.

Kaset ɗari huɗu da sittin ne, ba ɗaya mai tsohuwar takardarsa. Kwanan aiki sha tara suka rage. Na'urar in ta ci takwas sai ta ɗau zafi ta fara warin ƙonannen gashi, sai ya yi mata fifita da kwali kamar mai jinya. A rana da ƙyar yake duba ashirin. Ya yi lissafin sau uku ko zai sauya, bai sauya ba: tamanin sai an zubar ba a duba su ba. Ga kuma wani abin da ke hana shi cin abinci. In wasan ƙwallo aka taɓa ɗorawa a kan nata, minti casa'in ne, ba wutsiya ba ƙafa.

Allura a kantin magani take aiki. Rana ta uku da ya je karɓar auduga da sifirit na wanke kan na'ura, ta kama hannunsa ta jujjuya.

"Baba, ina ciwon? Ko kaciya ka fara yi wa mutane a ɓoye?"

"Aiki ne."

"Aiki? Kai da ka shekara goma kana gadin ƙura?"

Bai faɗa mata ba. Ya taɓa hana ta uwar sau ɗaya, ba ya son ya yi mata alkawari ya sake hana ta.

Wutsiyoyi suka yi ta fitowa. Likita yana cewa "gishi" aka datse shi. Furen roba shi kaɗai, an manta kyamara a kansa. 'Yan gayun nan biyu, ɗaya yana janye kujerarsa daga ɗaya ana gama sallama. Furodusa tana kwashewa tana murna, har ta fara kawo masa shayi. Na'urar ta tauna kaset goma sha ɗaya, ta tofo su kamar hanji, kowanne kuma sai Gogau ya ɗaga zaren a fitila yana dubawa, alhali ya fi kowa sanin ba a ganin komai a jikinsa.

Saura kwana biyu, da rana tsaka, ya sa wani mai fasasshen gefe. Sallama, yayyafi. Sai ga hannu biyu da guntun kyandir, aka ce, "...kada ki."

Ya danna baƙi da sauri har yatsansa ya yi ƙara. Kalma biyu kawai ya ji, amma ya gane muryar. Ya san halin na'urarsa, ba ta da alkawari, tana iya ba shi kallo ɗaya ta cinye na biyu. Ya zauna har ta huce, ya wanke kanta sau biyu, sannan ya kira Allura.

"Ki zo yanzu."

"Baba, layi ne a gabana."

"Ki ce musu su warke da kansu. Mamanki ce."

Ta zo da farar rigar aikinta, ba ta ko cire ba. Furodusa ta kafa waya a kan tulin kaset tana fuskantar allon, ta ja da baya ta tsaya a ƙofa. Gogau ya yi bisimilla ya danna.

Kyamara tana kusa, hannuwa kaɗai ta ɗauko da wani baƙin wando a cinya. Yatsu gajeru, ɗaya da tabon allura. "Kada ki ja da ƙarfi," in ji muryar. "Zif kamar miji ne, lallaɓa shi ake yi. Ki goga kyandir sama da ƙasa, haka. Kai mai ɗaga min hannu, na gan ka, ban gama ba."

Allura ta toshe baki. A gefen ƙugun matar wata 'yar ƙafa ta leƙo daga goyo, tana harbin iska.

"Ƙafar wa ce wannan?"

Gogau ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilas. Wallahi ya manta cewa da goyo ta zo. "Taki ce," ya ce. "Tun lokacin ba ta zama wuri ɗaya."

"Malam ɗina yana nan cikin gidan nan yana jina," in ji muryar, "shi ma wandonsa na fita sai da..." Kyamara ta fara ɗagowa a hankali. Tef ɗin awo, bakin sabon mayafi, wuya, haɓa, leɓen ƙasa ya soma buɗewa zai yi dariya. Sai yayyafi.

Na'urar ta ci gaba da nishinta.

"Wa ya katse?" in ji Allura.

"Ni."

"Saura kaɗan fa, Baba."

"Ƙarfe ɗaya ta wuce da daƙiƙa arba'in." Ya faɗa kamar mai ba manaja bayani, sai kuma ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai.

Allura ta juyo ta kalle shi. Sannan ta share ido da hannun riga ta ce, "Ku kuka ce muryarta kamar aradu. Ashe 'yar siririya ce."

"Wannan ta baƙi ce. Ta gida ba a nuna ta a talabijin."

"Mayar."

"Na'urar za ta iya cinye shi."

"An ɗauka a waya, Baba," in ji furodusa daga ƙofa.

"Na ji," in ji Allura. "A nan nake so. Mayar."

Ya mayar. Hannuwa, kyandir, 'yar ƙafa. Da kyamara ta fara ɗagowa, sai Gogau ya zame daga kujera ya rage tsawo, ya karkata kai yana leƙen saman allon ta ƙasa, kamar mai leƙa ƙarƙashin labule. Allura ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Baba, kai da ka shekara talatin da huɗu a aikin nan! Ai ba a ganin abin da ba a ɗauka ba."

"Na sani," in ji shi, bai ɗago ba.

A karo na uku ba ta yi dariya ba. Ta tattare farar rigarta, ta durƙusa kusa da shi a kan siminti, ita ma ta karkata kai.