Shafin da ban kai ba

Aji biyu na yi a kwalejin Tasawa aka koro ni. Abin da na koma da shi garinmu Isawan bai wuce kaye ɗaya ba, wato littafin rubutu, da wani darasi da ya zauna mini a kai.

Mushenmu, wato malaminmu na lakwal, ya zana shi a allo. Ya ce jikin tsiro 'yan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowane da bangonsa na saƙaƙƙen zare. In zai girma, sai ya saki wani abu wai shi anzim, ya kwance ɗaurin zaren, bango ya yi laushi, ruwa ya tura shi ya miƙe, sannan a sake ɗaurewa. Nan muka tsaya. Saura sai bayan hutu. Ni kuwa ban koma ba.

A daminar nan hatsinmu ya kai gwiwa ruwa ya ɗauke, kusan wata guda. Ran da ya dawo, Baba ya latsa kara da babban yatsa, ya sauko da irin wake. Ya ce wannan hatsi ya tsufa a tsaye, mu shibka wake tsakaninsa tun da sauran damina.

Na ce, "Baba, kada ka ɓata iri. Yana da abin da ke kwance shi daga ciki. Ya sha ruwa, zai miƙe."

"Mushe ne ya faɗa?"

"Shi ne."

Ya ce, "To. Kai ne ka je lakwal."

Ya maida iri cikin tulu. Maƙwabta suka shibka wakensu.

Hatsi bai miƙe ba. Inda yake nan ya fidda kai, zangarniya kamar ɗan yatsa. Kafin sanyi ya fita rumbu ya ƙare, muka saida san amalanke. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Bai yi ba. Bai dai sake tambayata komai a kan gona ba har ya rasu.

Bara ɗiyata ta zo hutu daga lisen Mayahi, babbar sakandare. Na buɗe kayenta, sai ga zanen nan, bai canza ba. Na juya shafi. An rubuta da harshen lakwal cewa in bango ya riga ya ƙeƙashe ya zama itace, anzim ba ya kwance shi kuma.

Shafi ɗaya ne tsakani. Baba da yatsa ya san shi.

Ɗiyata ta ce, "Baba, in fassara maka?"

Na ce ta bar shi, na gane.